Danna Nan, Mama

Kowa cewa yake makwaɗaita muke kamawa, masu son kuɗin banza. Ƙarya ne. Ni na yi sana'ar damfara, na sani. Yawancin waɗanda suka faɗa hannunmu masu tsabta ne, waɗanda ba sa iya ganin shara su wuce.

Da na gama sakandare na samu aiki a wani shagon kwamfuta a Lamorde. Buga takardu, cike fom, buɗe wa mutane imel. Ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Ran nan Oga, mai shagon, ya ce in riƙa kwafe adireshin imel na duk wanda ya shigo. Na ce na mene ne? Ya ce, "Ke dai kwafe, akwai katin waya." Daga kati aka koma atamfa, daga atamfa sai sabuwar waya. Ban sake tambaya ba.

Ga yadda muke yi. Mu cika wa mutum akwatin imel da talla, maganin basir, cacar ƙwallo, har ya gaji. A ƙasan kowane saƙo akwai shuɗin rubutu: in ba ka so, danna nan a daina aiko maka. Yana dannawa sai wani shafi ya buɗe, kamarsa ɗaya da na imel ɗinsa, ya nemi fasawod. Ya rubuta, ya shigo hannunmu. Oga ya kwashi abin da ya shafi banki, ya sayar da akwatin.

Mama Saratu tsohuwar nas ce daga Kwaja. Ɗanta Ishaku soja ne, ya rasu a bakin aiki. Shi ya buɗe mata imel, ya ce waya tana lalacewa, wannan ba ya lalacewa. Hotunansa, wasiƙunsa, har muryarsa yana rera mata waƙar coci, duk suna ciki. Duk ranar kasuwa takan zo in buɗe mata a babbar kwamfuta saboda idonta.

Wata rana ta ce, "'Yata, sharar nan ta binne mini Ishaku. Sai na yi ta tono kafin in gan shi. Ki share mini."

Na san shararmu ce. Oga yana zaune a bayana. Na ce, "Danna nan, Mama."

Ta danna. Ta zaro 'yar takarda daga jakarta, ta karanto mini fasawod harafi harafi. Har albarka ta sa mini.

Waɗanda suka sayi akwatin suka canja fasawod da lambar waya, suka goge komai. Sau uku tana dawowa, ina ce mata matsalar sabis ce.

Ba ita ta kai mu ƙara ba, wani ɗan kasuwa ne. Na yi shekara biyu a gidan yari. A kotu ne ta san ko ni wace ce.

Ina fitowa na shiga mota zuwa Kwaja. Na same ta tana shanya masara, na durƙusa. Ba ta zage ni ba. Da zagin ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Na yafe miki tun tuni. Amma faɗa mini, da kuka shiga akwatin, kin ji waƙar? Wacce ce ma ya yi? Na fara mantawa."

Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. Na banki kawai muke nema.

To, ku ji ni, matasa. Saƙon da ba ku san mai shi ba, kada ku danna komai a cikinsa, ko da ya ce zai daina damunku. Dannawar ma shaida ce gare su cewa akwai mutum a wurin. Ku tura shi akwatin shara na imel ɗin, ku toshe mai aikowa. Kamfanin gaskiya ba ya neman fasawod kafin ya daina aiko maka talla. Kuma in Oga ya ce ku kwafe abin mutane, ku ajiye masa makullin shagonsa.

Mama ta ba ni sunayen abokan Ishaku huɗu. Ɗaya yana Bahuli, da ƙafa ɗaya ya dawo daga bakin aiki. Ƙila akwai hoto a wayarsa, ƙila ya san waƙar. Ranar Asabar zan je. In ya kore ni, zan koma.