Kafaɗar Ɗan Damagaram

Har yau idan na tuna abin da aka yi wa abokin zamana sai raina ya ɓaci. Ɗan Damagaram ne, ɗakinmu ɗaya a unguwar Madinat Nasr, lokacin muna karatu a ƙasar waje. Ɗaliban Indonesiya ne suka koya masa besbol, wasan nan da ɗaya ke jefa ƙwallo wani ya make ta da sanda. Hannunsa ya faɗa sosai har suka sa shi a ƙungiyarsu. Aikinsa zaman benci, idan mai jifan farko ya gaji sai a taso shi ya ƙarasa wasan.

Akwai wasu masu jifa a bencin, amma kocin kamar ba ya ganinsu. Juma'a shi, Asabar shi, ko da sun yi wa abokan karawa nisa. In mun koma gida da ƙyar yake cire riga, ni ke gasa masa kafaɗa da ruwan zafi.

Muna zuwa kallo da wani wanzami, Bahaushen Sudan da ke zaune a unguwar Hayyin Ashir. Bayan wasa mukan zauna shan shayi, nan rigima ke tashi.

"Kawu, kocin nan zai nakasa shi," na ce wa wanzamin wata rana. "Sauran masu jifan ado ne?"

"Kai ba ka san wasa ba, ɗana. Wanda ke kawo nasara shi ake sakawa, khalas, magana ta ƙare."

"Ko hannunsa zai tsinke?"

"Shi ya ce maka ya gaji?"

Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, domin abokina ba zai taɓa faɗa ba. Kunya gare shi, kuma yana son tafin da ake yi masa.

Ana saura kaɗan jarrabawa, ya yi wani jifa sai ya durƙusa riƙe da kafaɗa. Kocin ya dafa shi ya ce ma'alish, wato ya yi haƙuri, ya yafito wani daga benci. Wannan ɗin ya ƙarasa wasan lafiya lau, suka ci. Ashe dama ya iya! Na yi kan kocin ina zage-zage da Hausa, wanzamin ne ya riƙe ni.

Likita ya ce jijiya ce ta yage. Da hannun hagu abokina ya rubuta jarrabawa, ya faɗi darussa biyu, ya maimaita shekara. Kocin ko leƙo shi bai yi ba. Wanzamin kuwa ya zo da lemo, ya zauna bakin katifa yana tambayarsa yaushe zai koma fili.