Doña Tencha, Wadda Ta Ƙi Tausasa Mari

Wani dare cikin damina, shekara talatin da huɗu ke nan, mutanen gidan hayarmu na unguwar Portales suka ji doki yana sukuwa a saman bene, a ɗakin da ko akuya ba za ta iya juyawa ba. Ya yi gudu, ya tsaya cak, ya yi tari irin na mace, ya sake ɗauka. Doña Chayo ta ɗakin ƙasa ta hau da tsintsiya a hannu ta buga ƙofa. Sai ga sabuwar 'yar haya, siririya mai tabarau, riƙe da ɓawon kwakwa biyu, ga tiren yashi a gabanta.

"Ina dokin?" in ji Chayo.

"Ga shi a hannuna, señora. Gobe zai ceto wata amarya, shi ya sa nake ba shi horo."

Haka muka san Hortensia Barragán, wadda kowa ke kira Doña Tencha. Aikinta yi wa wasannin talabijin sauti. Sai an gama ɗaukar hoto ake kawo mata, ta tsaya gaban allo a wani ɗaki marar taga, ta sa wa kowane motsi ƙararsa.

Kullum da sassafe takan bi ta kasuwa da buhun tsofaffin takalma a kafaɗa. Sauran mata na duba kabeji da ido, ita da kunne take dubawa: ta ƙwanƙwasa, ta kara a kunne, ta ajiye. Masu kayan miya su ce, "Doña, me ya ce miki yau?" Ta ce, "Ya ce kun yi masa ƙaryar shekaru." Ruwan saman da aka yi ta kuka a cikinsa, man suya ne a kaskonta. Wutar da ta cinye gidan gonar mugu, leda ce take murzawa. Sumbar da 'yan mata suka yi ta mafarki a kanta kuwa, bayan hannun Tencha ne, mai warin albasa. Ita ce ƙafar sarauniya, ita ce ƙafar 'yar aiki, amma idan sunaye suka fara hawa a ƙarshen wasa, na injiniya ake gani, wani namiji da bai taɓa riƙe kabeji ba.

A tashar da take aiki, mari iri biyu ne. Idan mace ta mari namiji, bel ake kaɗawa, tas, domin a yi dariya. Idan jarumi ya mari matarsa, sai a sa safar hannu ta ulu a bugi matashin kai, ƙasa-ƙasa, goge ya biyo baya, mai kallo ya ce kishi ne, so ne ya yi masa yawa. Haka ta tarar ana yi, haka ta yi shekara goma sha tara.

Lokacin tauraron wasan ƙarfe tara shi ne Leandro Valcárcel, wanda hotonsa ke kan kalandar kowane shagon gyaran gashi. Itzel Montaño, sabuwar shiga, ita ke fitowa a matarsa. Wata ranar Alhamis ta shigo ɗakin sauti neman ruwan sanyi, don ba ta so a gan ta a wajen masu kwalliya. Tencha ta dubi kuncinta, hoda ta kasa rufe shatin yatsun da ke kansa.

"Mija, ɗiyata, wa ya yi miki wannan?"

"Sau bakwai muka ɗauka, Doña. Leandro ya ce in marin ba na gaske ba ne, ba ya jin wasan a jikinsa. Darakta ya ce haka manyan 'yan wasa suke."

"Kika ce me?"

"Me zan ce? Mata arba'in ne suka yi layi a kan wannan matsayin."

Da yamma aka kawo hoton. Tencha ta ɗauko matashin, ta sa safar, ta ga hannun Leandro ya tashi a allo, ta kasa. Itzel ce ta ba da labarin daga baya, don tana zaune a lungu: ta ce Tencha ta fita, ta dawo da tsokar naman shanu ɗanye daga wajen masu abinci. Ta mari tsokar da tafin hannu tsirara. Ta saki ɗan kunnenta a kan daɓe ya gangara har ya kwanta. Sannan ta matso bakin makirufo ta ja numfashi guda, irin na wadda ba ta so yara su farka.

Washegari darakta Urrutia ya saurara, ya cire abin kunne ya jefar.

"Doña, wasan soyayya nake yi ko mahauta? Ina matashin?"

"Na kai wanki, señor."

"Ɗauko wani!"

"Duk sun yi datti."

Ya ce mata akwai masu jiran kujerarta. Ta ce ta sani, kuma ba za su sha wahala ba, kujerar ba ta da nauyi. Ga shi ƙarfe huɗu kaset zai tafi, ba wanda ya iya aikin sai ita. Haka kaset ɗin ya tafi.

A tsakar gidanmu, mata sun saba taruwa gaban akwatin talabijin na Chayo da kofunan atole, kunun masararmu, suna yi wa Leandro kirari. Daren nan da hannun ya sauka, gogen ya taso kamar kullum, amma ya makara. Doña Amparo, wadda ta fi kowa son sa, ta tashi a hankali ta shiga ɗaki. Da safe aka ga kalandarta a kwandon shara.

Kada a ce duniya ta juya. Leandro ya karɓi lambar yabo a shekarar. Matar da Itzel ke fitowa a matsayinta aka kashe ta a cikin wasan, a hatsarin mota, bayan mako uku. Tencha aka mayar da ita wasan yara, ta yi shekara goma sha biyar tana haushin kare da kukan agwagwa, kuma ta yi su da kyau, har jikokinmu na kwaikwayo. Sai dai wasiƙun mata sun cika buhu biyu a tashar, kuma daga ranar ba a sake samun wanda ya yarda ya ɗauki matashin nan ba.

Ran Asabar da ta wuce ta yi ritaya. Muka dafa pozole, romon masara da nama, a tsakar gida. Itzel ta zo da furfura a goshi, yanzu uwar jarumai take fitowa, ta rungume ta ta daɗe ba ta saki ba.

Doña Tencha, mun gode. Ke ce kika ji da kunnen gaskiya a wurin da ake biyan mutum ya toshe nasa. Duk mai ɗan aiki a bayan fage, mai ɗinki, mai fitila, mai shara, ya dube ki: abin da ke hannunka kaɗan ne, amma kana iya ƙin yin ƙarya da shi.

Ana cikin kwashe kwanuka, Chayo, wadda yanzu da sanda take tafiya, ta tsaya tana kallon ƙofofin ɗakunanmu ɗaya bayan ɗaya.

"Ni fa abin da ban gane ba," ta ce, "mu da muke jin irin marin nan ta bango shekara da shekaru, me ya sa sai da ya fito daga akwati muka ji shi?"