Ranar da Don Eleuterio Ya Sauko Daga Mumbari

Alhamis. Aikin farko: mayar da kujerun makoki coci.

Na mayar. Saura wanda nake ta kauce wa tun safe.

Don Eleuterio Bacallao, makarancin gidan naɗin tabarmu, ya rasu ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 1958, a ɗakinsa, yana da shekara saba'in da shida. Jiya muka kai shi makwancinsa.

Malam, ka san al'adarmu, ba a juyawa daga bakin kabari sai wani ya tsaya ya yi wa mamaci bankwana da baki. Kai ka yi wa iyayen yawancinmu. Amma jiya 'yan sanda ne suka jeru a jikin katangar maƙabarta, matarka Doña Amparo ta roƙe mu kada kowa ya ce uffan saboda jikokinta. Haka muka rufe ka shiru. Jarida ba za ta buga wannan ba. Ina rubuta shi ne don 'yan uwana ma'aikata, in Allah ya ba ni zuciyar karanta musu.

Sama da shekara arba'in kana bisa mumbarin katakon nan na tsakiyar zaure, muna ƙasa muna naɗi. Da safe jarida, da rana littafin da muka ɗaga hannu muka zaɓa. Mu muka naɗa ka, ba mai gida ba. In karatu ya yi daɗi sai mu buga bayan wuƙaƙenmu a kan allunan aiki, har ƙurar taba ta tashi. Akwai tsofaffi a cikinmu da ba su iya rubuta sunansu ba, amma sun san tarihin tsibirin nan fiye da yadda na koya a sakandare, duk daga bakinka.

Ran Juma'a kakan rufe littafi ka ba mu naka labarin. Mahaifinka da aka haifa bawa a gonar rake, ya ɗauki addarsa ya shiga yaƙin korar Sifaniyawa. Yadda sojoji suka kwashe mutanen ƙauyuka suka cusa su a gari, yunwa ta ɗauke mahaifiyarka kana kallo. Yadda aka ɗaga tutarmu kuna kuka don murna, kafin ku waiwaya gonakin sun koma hannun wasu baƙin. Ba ka taɓa ɗaga murya a wajen nan ba, shi ya sa yake shiga jiki.

Ni kuwa, da mahaifina ya rasu na bar makaranta, kai ka sa baki aka ba ni teburin bakin taga inda ake ware taba bisa launi. Ka yi ta ara mini littattafai ba ka taɓa tambayar ranar dawo da su ba. Da na daɗe ban yi aure ba, ka leƙo daga sama a gaban kowa ka ce, "Ubaldo, kai da ke bambanta ganye da ganye da ido ɗaya, matar aure ce ta gagare ka zaɓe?" Kunyar ranar ce ta kai ni ƙofar gidan su Ofelia, matata a yau.

Tun bara jaridun Havana suke zuwa mana a tace. Kusan kowane mako sai a buga cewa an harbe wasu samari suna ƙoƙarin gudu. Kakan karanta yadda aka rubuta, ba ƙari ba ragi. Sannan ka ɗauki kofin ruwa ka sha a hankali, zauren duka ya ajiye wuƙa har sai ka sauke kofin. Ba wanda ya shirya wannan, haka ya zama mana. Da labari ya kai bariki, Saje ya zo da kansa ya tsaya a gindin mumbari.

"Tsoho, me ya sa ƙishirwa ba ta kama ka sai a wannan shafin?"

"Ranka ya daɗe, shafin ne da bushewa. Hau ka gwada."

Wani ya yi dariya a baya, ya yi maza ya mayar da ita tari. Saje ya daɗe yana bin fuskokinmu da kallo kafin ya fita.

Sai ranar nan ta watan jiya. Nicolasa, mai cire jijiyar ganye a ƙarshen zaure, ɗanta Fermín bai dawo gida ba, ta zagaya bariki da asibiti an ce ba a san shi ba. Kana cikin karatu ka tsaya a tsakiyar magana, don idonka ya riga bakinka isa ga sunansa. Doka ce makaranci ba ya saukowa sai an kaɗa ƙararrawa, kuma ba mu taɓa ganin ka karya ta ba. Ranar ka sauko. Ka bi tsakanin tebura da jaridar a hannu, kowa na sunkuyar da kai kada a gabansa ka tsaya. Ka isa gare ta, ka riƙe hannayenta da ganyen a ciki.

"Nicolasa, 'yata, ba zan bari ki ji shi daga sama ba."

Ba ta yi ihu ba. Ta dube ka ta ce, "Koma ka karanta, Baba. Ka faɗi sunansa da ƙarfi."

Ka koma ka karanta abin da aka buga. Ba ka taɓa kofin ba. Ka ninke jaridar ka ce, "Fermín Oquendo, ɗan Nicolasa, ɗanmu. Ƙafarsa ɗaya gajera ce tun haihuwa. Bai taɓa gudu ba a rayuwarsa."

Da aka tashi aiki mutanen Saje suna jiranka a bakin ƙofa. Kwanakin da ka yi a bariki ba ka gaya wa kowa abin da ya faru ba. Ka dawo ba rigarka ta sama, da tarin da bai sake ka ba har ya kai ka kabari. Kuma maganarka ba da iska ta je bariki ba. Wani a cikinmu ya kai ta, har yau yana zaune a teburinsa.

Yau da hantsi mai gida, Don Prudencio, ya kira ni. Ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya cika shi. Ya ce Saje ya ce mumbarin nan shi ne tushen fitina, don haka gobe da rana kafinta zai zo ya ɓalle shi a rataye rediyo. "Rediyo ba ya shan ruwa, Ubaldo," in ji shi, bai dube ni ba. Amma ya san yarjejeniyar da ke tsakaninmu tun zamanin mahaifinsa: muddin ma'aikata na da makarancin da suka zaɓa yana zaune a kai, ba a taɓa mumbari.

Mutum biyu da suka fi ni murya sun ƙi, ban kuma ga laifinsu ba. Aka ɗaga mini hannu. Na tsaya ina kallon hannayen, ina tunanin wanne ne ya san hanyar bariki. Na ce muryata siririya ce, nakan yi tuntuɓe a karatu, ga 'ya'ya mata uku.

Nicolasa ta ce, "Kai Ubaldo, mu da muka jure warin ganyen Don Prudencio duk shekarun nan, muryarka ce za ta kashe mu? Ba mu ce ka zama shi ba. Hau ka zauna dai, kada a sare mana katakon."

"In Saje ya zo fa, Iya?"

"Zai zo mana," ta ce, ta ci gaba da aikinta.

Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Na dawo gida ina juya abin, na jera dalilan ƙi, duk masu kyau ne. Sai da na rubuta yadda ka sauko zuwa ga Nicolasa na ga ba zan iya rubuta wannan in bar kafinta ya shigo ba. Ba jarumta ba ce, Malam.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutun da ba mai buga maka ƙofa. Ya jiƙan Fermín da sauran 'ya'yan mutane da aka buga sunayensu, da waɗanda ba a buga ba. Doña Amparo, da 'ya'yanku da jikoki, ina miƙa muku ta'aziyyata da ta duk zauren. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsare muku gida.

Gobe:

- Mayar wa Doña Amparo littattafan da ke wurina.
- Isa wurin aiki kafin kafinta.
- Sa riga biyu, ko da za a wuce da ni bariki.
- Hawa mumbari. Karanta wannan har ƙarshe, ko wa ya shigo.
- Gaya wa Ofelia. Wannan ya kamata ya zo a farko.