Kwalba a Cikin Taki

Duk wanda ya kai wa Ɗanasabe Tela ɗinki a Talatar Mafara ya san abin da zai tarar ranar karɓa. Rigar tana ninke, an goge ta, kuma a cikin aljihun ƙirji akwai ɗigon turare. Ba ya tambayar mai riga ko yana so. A wurinsa ɗinkin da babu ƙamshi bai ƙare ba. Ni ma haka ya yi mini da na dawo gida bayan shekarun karatu, na kai masa yadin sallah.

Abin da ya ja hankalina a shagon shi ne wani ɗan kanta da ke saman keken ɗinkinsa. Kwalabe ne 'yan kaɗan a jere, duk tsofaffi, rubutun jikinsu ya goge, amma kowacce cike take. Na tambaye shi yadda aka yi mutumin da gari ya sani da turare ba shi da sabuwar kwalba ko ɗaya. Ya yi dariya, ya turo mini benci da ƙafa, ya ce labarin na tafin ƙafar yayansa ne.

Ɗanasabe ya fara son turare tun yana koyon ɗinki. Shagon maigidansa yana dab da masu sayar da kifin da ake kawowa daga dam ɗin Bakolori, kuma ƙarnin yakan kama yadi, ya kama jiki, ya bi mutum har gida. Da ya fara samun na kansa, turare ya fara saya kafin takalmi. Daga nan abin ya zama hali. Wanda zai je Sakkwato ko Gusau ko Kano, Ɗanasabe zai ba shi saƙo. Alhazan unguwa sun san tsarabarsa ba sai an faɗa ba. A gida yana da kabad guda na turare kawai: na mai, na fesawa, na gwangwani. Na Juma'a daban, na ɗaurin aure daban, akwai ma wanda ba ya taɓawa sai an yi ruwan farko. Idan aka idar da sallar Juma'a yakan tsaya a bakin masallaci yana shafa wa mutane a bayan hannu, dattijo da yaro, wanda ya sani da baƙo.

Idan kwalba ta ƙare, ko ta gundure shi, sai ya jefa ta cikin shara. Matarsa Taibatu takan share tsakar gida ta kai bayan gida, inda ake tara toka da kashin awaki da duk abin da gida ya zubar. Wannan jujin ba a wasa da shi, domin shi ne takin gona. Kowace bazara ake kiran mai amalanke ya kwashe shi zuwa gonarsu da ke hanyar Morai, a sauke tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka.

Gonar ta mahaifinsu ce, kuma da ya rasu ba su raba ta ba. Sadi, yayan Ɗanasabe, shi ke noma. Ɗanasabe yana kawo taki da iri, yana kuma rufe shago ya zo ranar shuka da ranar girbi. Abin da aka samu rumbu ɗaya yake shiga, a gidan mahaifiyarsu, Inna, daga nan gidajen biyu ke ɗiba. Suna da wata gonar can wajen Maradun, amma saboda halin rashin tsaro da ake ciki an daɗe ba a zuwa. Wannan ta kusa ita ce abincinsu duka.

Gargaɗin farko dariya aka yi masa. Sadi yana ƙona karare a gona, sai wani gwangwanin turaren fesawa ya fashe a cikin wutar da ƙara mai ƙarfi. Jakin maƙwabci ya tsinke igiya, mutanen gonar kusa suka kwanta a ƙasa. Da aka gane abin da ya faru, an yi mako ana ba da labarin a majalisa, Ɗanasabe ma da bakinsa yake ƙara masa gishiri.

Na biyun bai ba kowa dariya ba. Damina ta zauna, gero ya taso, ana tsakiyar noman farko. Sadi ba ya noma da takalmi, kamar yawancin manoman da na sani. Ya taka gindin wata fasasshiyar kwalba da ke binne a kunya, ta shige masa tafin ƙafa. An ɗauko shi a kan babur zuwa asibiti aka ɗinke wurin. Ya yi makonni bai taka ƙasa ba, ciyawa kuwa ba ta jira shi ba. Kafin a haɗa masu taimako ta riga ta shaƙe rabin geron.

Ɗanasabe ya je dubiya gidan Inna, inda Sadi ke jinya. Bayan doguwar gaisuwa, Sadi ya jawo wata ƙwarya daga gefen tabarma ya ajiye a gabansa. Cike take da ɓaraguzan kwalba da matarsa Husaina ta tsinto a gonar, shuɗaye da koraye da masu murfin ruwan zinariya.

"Ka san waɗanga?" in ji Sadi.

"Yaya, ai duk gari ana shafa turare."

"Duk gari ba su kai mini taki. Shinshina wagga." Ya miƙa masa wadda ta yanke shi. "Likita ma sai da yac ce bai taɓa ɗinke ciwo mai ƙamshi ba."

Ɗanasabe ya shinshina. Na ɗaurin aure ne, ya gane shi nan take.

"In munka yi girbi a raba gonar," Sadi ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Kai ka shuka kwalabenka a naka ɓangaren. In sun yi zangarniya ka ci."

Duk wanda ke wurin ya san abin da wannan ke nufi. Gonar ba ta da girman da za a yanka ta biyu kowa ya ƙoshi, Ɗanasabe kuma ba manomi ba ne. Idan aka raba, rumbun Inna ya rabu ke nan. Sai tsohuwar ta ce wa Sadi ya bari sai bazara, a ga takin da ƙaninsa zai kawo. Idan an sami kwalba ko ɗaya, ita da kanta za ta kira dattawa su sa iyaka.

Mutane da yawa sun zaci Ɗanasabe zai bar turare. Wasu sun ba shi shawarar haka. Ya gaya mini ko sau ɗaya bai yi tunanin bari ba. "Turare bai yanki kowa ba," in ji shi. "Kwalba ce ta yi yanka. To sai in gyara zancen kwalba."

Ya fara da kabad ɗinsa. Na gwangwani ya daina saya gaba ɗaya, waɗanda suka rage kuma da sun ƙare sai ya ajiye wa masu sayen gwangwan da ke yawo da kura. A cikin na kwalba ya zaɓi masu kauri, masu murfin da ke murɗuwa, ya ce waɗannan su ne nasa har su mutu. Ranar Talata, ranar kasuwa, ya kai su wurin wani mai turaren awo da ke zuba wa mutane daga manyan gorunan ƙarfe da sirinji. Mutumin ya daɗe a kasuwar, amma Ɗanasabe bai taɓa tsayawa wurinsa ba, domin a da yana ganin turaren da ba ya cikin kwali ba turare ba ne.

Zubin farko bai yi kyau ba. Bai wanke kwalaben ba, ya sa aka zuba sabo a kan guntun tsoho. Da ya shafa da safe zai fita, Taibatu ta ɗago kai daga murhu.

"Baban Amira, sauro anka yi a ɗaki?"

"Wane sauro?"

"Na ji kamar ka fesa magani."

"Sabon haɗi ne, ba ki san shi ba."

"To ka tahi da shi shago. Ƙudan masu kihi ma sun huta yau."

Ita ce ta tuna masa da ƙanwar mahaifiyarta, Saude, da ke haɗa humra da turaren wuta a Maradun, wadda kullum kukanta rashin kwalabe. Ya cika buhu da sauran kwalabensa ya aika mata a motar kasuwa. Saude ta aiko masa da humra, tare da bayanin yadda take wanke nata: ruwan zafi da toka, a ɗauraye sosai, a kife su a rana har ƙamshin da ya gabata ya fita. Tun daga nan duk kwalbar da ta shigo gidan, ko ta tsarabar alhazai ce, idan ta ƙare hanyar Maradun take bi. Ya rataya wani tsohon bokiti a ƙofar bayan gida don abin da ya fashe, ya haƙa rami mai zurfi a gefen katanga inda ba a noma, can ake juye shi.

Wannan ya gyara na gaba. Saura abin da ya riga ya zuba. Jujin bayan gida yana nan da kwalaben da aka jefa tun kafin Sadi ya ji ciwo, gonar kuma ta sha na shekaru. Da aka gama girbi ƙasa ta bushe, Ɗanasabe ya riƙa zuwa gona da safe kafin ya buɗe shago, yana bin kunya-kunya da manjagara yana tsinta. Jujin kuwa, ya sa kafinta ya buga masa katako da wayar taga, irin rariyar da magina ke tankaɗe yashi. Ya jingina ta da sanda, ya ɗaure hanci da ƙyallen yadi, ya riƙa watsa takin da shebur.

Bayan gidansa hanya ce, don haka kowa ya gani. Mutumin da ko ƙura ba ta taɓa zama a hularsa ba, ga shi cikin kashin awaki har gwiwa.

"Mai ƙamshi, yau wane iri ne wanga?" wani maƙwabci ya tambaya daga kan babur.

"Na bazara ne. Matso in shafa ma."

"A'a, bar shi sai Juma'a."

Bai ɓoye ba, bai kuma sa wani ya yi masa ba, ko da yake an yi masa tayin masu aiki. Ya ce idan wani ya tankaɗe, ba zai san abin da ya wuce ba. Abin da rariyar ta tare ya ba shi mamaki shi kansa: kwalabe, murafu, bakin fesawa na roba, har da batura da ledoji da ba nasa ba ne shi kaɗai. Taibatu ta leƙa ta ga ledojin, daga ranar ita ma ta daina haɗa su da toka.

Bazara ta yi, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Mai amalanke ya kwashe takin ya sauke a gona tsibi-tsibi kamar kullum. Sadi ya zo yana ɗan ɗingishi, domin ƙafar ba ta koma daidai ba har yau. Inna ma ta sa aka kawo ta, ta zauna a gindin gawo. Sadi ya duƙa ya damƙi takin, ya murza a tafin hannu, ya zubar. Ya je tsibi na gaba ya yi haka. Sannan ya miƙe ya dubi ƙaninsa.

"Hannu shina iya kuskure. Tuɓe takalmi."

"Ni, Yaya?"

"Akwai wani tela a nan?"

Ɗanasabe bai yi musu ba. Ya cire takalmansa ya ajiye kusa da Inna, ya naɗe ƙafar wando. Ƙafarsa ta saba da fedar keken ɗinki ne kawai, ƙasa kuma ta ɗauki zafi. Ya hau tsibin farko ya tattake shi har ya baje, ya wuce na biyu. Sadi yana bin sa a baya, hannu a goye. Haka suka bi gonar daga wannan gefe zuwa wancan, ya taka taki, ya taka kunyoyin da ya share da rani. Sun kusa ƙarshe sai Ɗanasabe ya tsaya cak, ya ɗaga ƙafa ɗaya.

Inna ta miƙe daga gindin gawon. Sadi ya kama ƙafar ya juya ta, ya goge ƙasar da babban yatsa, ya zaro abin ya ɗaga sama ya duba. Ƙaya ce.

"Wagga ba taka ba ce," ya ce. "Tun zamanin Baba tana nan." Ya jefar da ita, ya nuna sauran tsibin da haɓa. "Ƙarasa. Tunda ka iya baza taki da ƙahwa, ka rage mini aiki."

Inna ta koma ta zauna, ta ce wani ya miƙo mata ruwa. Ba a kira dattawa ba, ba a kuma sake ta da maganar iyaka ba.

Na tambayi Ɗanasabe ko Sadi ya taɓa ce masa komai ya wuce. Ya ce yayansa ba mai irin wannan maganar ba ne. Abin da ya sani shi ne, tun daminar da ya ji ciwon, Sadi wucewa yake yi a bakin masallaci hannunsa a aljihu. Juma'ar da ta biyo bayan kai takin kuwa ya tsaya, ya miƙo bayan hannu, aka shafa masa, ya shinshina, ya ce wannan ya fi na ƙafarsa daɗi.

Da ya gama ba ni labarin sai ya sauko da wata koriyar kwalba daga kantan, wadda gefen murfinta ya ɗan lotse, ya ɗiga a aljihun rigata, ya ninke ta. Ya ce in dawo da wuri idan ina da wani ɗinkin, domin mako mai zuwa zai rufe shago, ana shuka.