Katakon Gidanmu a Kan Murhun Bature

Maƙwabcina yana gini kwanakin nan, tun da safe nake jin guduma tana cin dutse. Wannan ƙarar ce ta mayar da ni barikin Karaye, zamanin mulkin Nasara, ina yaron da bai fara azumi ba.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Rogo. Kakana na wajen uba masassaƙi ne. Turmi da akushi da ƙotar fartanya duk daga hannunsa suke fita. A bayan zaurenmu akwai wani katakon maɗaci mai kauri, ya ɗan fi tsayin mutum, a jingine ƙarƙashin rumfa. Asalinsa ɓarin ƙyauren tsohon gidanmu ne na kufai. Da gidan ya rushe aka ɗauko shi, ya zama a kansa ake yi wa mamatanmu wanka. Ruwa da ganyen magarya sun sa ya yi baƙi, ya yi santsi. Ba a zama a kansa, ko akuya ta raɓe shi sai an kore ta. A daminar waccan shekarar, a kansa aka wanke mahaifiyata.

Bayan girbi aka gina sabon ɗaki a bariki saboda Baturen da ke zuwa rangadi. An yi masa murhun dutse a jikin bango, mai bututun da ke fitar da hayaƙi ta saman rufi. Ba na girki ba ne, na jin ɗumi ne kawai. Baturen ya ce a ƙasarsu ana ɗora katako a saman irin wannan murhu a jera kwalabe da wasu kaya a kai, kuma shi tsoho yake so, ba ɗanye ba. Wani yaron hakimi da ya taɓa shan ruwa a zaurenmu ya tuna da namu.

Dagaci da kansa ya zo bayan la'asar. An daɗe ana gaisawa, an tambayi iyali, an tambayi gajiyar aiki, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi, idonsa a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ka san abin da ake yi a kansa," in ji kakana.

"Na sani, Baba. Ni na riƙe buta ran da aka wanke ƙaninka. Amma magana ta riga ta kai kunnen Bature. In na koma hannu rabbana, daga ni har ku babu mai kwana lafiya."

Da dagaci ya tafi, babana ya ce a ɓoye shi a rumbu, a ce gara ta cinye. Kakana ya ƙi. Ya ce ba zai yi ƙarya a kan abin da ake sallamar mutane zuwa lahira da shi ba. Abu ɗaya ya aika ya roƙa: shi zai kai, shi zai ɗora, kada wani ya sa masa zarto. Kakata kuwa ta miƙe. Ta ɗebo ruwa ta wanke katakon gaba da baya, ta bar shi ya sha iska, ta shige ɗaki.

Washegari babana da ƙaninsa suka saɓa shi a kafaɗa, ɗaya gaba ɗaya baya, kakana yana biye da su. Kakana ya ce in biyo su, tun da uwata ce ta ƙarshe a kansa. Mutanen da muka riƙa wucewa a masussuka sukan dakata da aiki har mu shige.

A bariki aka gwada, katako ya fi murhun tsawo. Tafintan Bature ya ce a rage shi. Kakana ya ja magini gefe, wani dattijo mutumin Rogo, ya gaya masa ko wane irin katako ne. Maginin ya ce, "To, dutse za mu taɓa, ba shi ba." Ya yini yana fasa bango ta gefe da gefe, ya kafa duwatsu biyu masu leƙowa waɗanda katakon zai zauna a kai.

Da aka zo ɗorawa, kakana ya sa aka kifa shi, fuskar da ake kwantar da mamaci ta dubi ƙasa. Babana ya ce ai hayaƙi zai ɓata ta.

"Gara hayaƙi da kwalabe," in ji kakana.

Ya yi bisimilla, suka ɗaga. Ya riƙa cusa 'yan guntayen ice a ƙarƙashi har katakon ya daina motsi, magini ya bi ya liƙe da siminti. Da yamma Baturen ya shigo, ya shafa shi, ya ji daɗi ƙwarai. Ya tambayi abin da ya sa ya yi baƙi haka. Tafinta ya dubi kakana, ya dubi ƙasa, ya ce tsufa ne. Har yau ban sani ba ko da an gaya wa Baturen gaskiya zai haƙura. Babu wanda ya yi ƙarfin halin gwadawa.

Damina na zagayowa kakana ya rasu. Aka cire ƙyauren ɗakinsa, na karan dawa, aka shimfiɗa tabarma a kai, a nan aka wanke shi. Kakata ce kaɗai ta yi magana, daga bayan zana, ta ce a bi a hankali, kara ba ya ɗaukar nauyi.

Bayan tafiyar Nasara na koma barikin, ina magidanci. Rufi ya zube, murhun yana tsaye, katakon babu. Wasu sun ce makiyaya suka hura wuta da shi, wasu sun ce wani ma'aikaci ya tafi da shi Kano.

Yanzu a garinmu abin wankan gawa teburin ƙarfe ne a gefen masallaci, na kowa da kowa, mai rariyar da ruwa ke bi. Ya fi tsabta, kuma babu mai sha'awar ɗauke shi. Kwanan baya na tsaya na dafa shi bayan sallar azahar. Sanyi ne da shi, amma zai ishe ni.