Ranar da Na Yi wa Mista Harold Tafinta

Har yau ban taɓa mantawa da wata ranar Alhamis da na tura Mista Harold a kekensa na marasa lafiya muka shiga wani ɗan ƙaramin gidan tarihi a Virginia ba. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga shekarun da na yi ina kula da tsofaffi a gidajensu, to wannan zan ba ku, musamman ku da kuka fara aiki bana.

A shekarar da harin 11 ga Satumba ya cika shekara goma ne. Lokacin ina zaune a Hyattsville, da na yi sallar asuba sai in hau jirgin ƙasa zuwa Springfield, in ƙarasa da bas. Mista Harold dattijo ne mai shekara saba'in da 'yan kai, mai gyaran wutar lantarki kafin ya yi ritaya. A babban ginin ma'aikatar tsaron Amurka ya yi aikinsa, kuma yana ciki ranar da jirgin sama ya faɗa wa ginin. Daga baya shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ta kashe masa hannun dama, ta karya masa harshe. Hankalinsa garau yake, amma in yana magana sai ka ce bakinsa cike yake da ruwa. 'Yarsa Denise rabin maganarsa take ganewa. Ni da na shekara biyu ina yi masa wanka, ina ba shi abinci, kusan komai ina ganewa.

Wata safiya na iske shi da 'yar jaridar unguwa a kan cinya. Labarin wani gidan tarihi ne da tsofaffin 'yan kwana-kwana suka buɗe a tsohuwar tasharsu don tunawa da harin. Akwai hoto a ciki: wani mutum cikin rigar aiki, ya ba da baya, ya tallafo wata mata suna fitowa daga hayaƙi. An rubuta a ƙasa cewa ba a san sunansa ba. Mista Harold ya ɗora yatsa a kan hoton.

"Raymond," ya ce. "Rabi, ki kai ni."

Ku da ba ku daɗe ba, bari in gaya muku yadda ƙa'idar take. Ba ka fita da mara lafiya ko'ina in ba asibiti ba, sai iyalinsa sun yarda a rubuce, sannan nas ɗin da ke sama da kai ta sa hannu. Motar da ke ɗaukar keken marasa lafiya kuwa tun kwana uku kafin ranar ake neman ta. Denise ta sa hannu, amma ta ce ita ba za ta iya zuwa wurin ba, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Saura nas ɗinmu, Anti Memuna, wata dattijuwa 'yar Kumasi.

Ba zan ɓoye muku ba, ban so tafiyar ba. Na zo ƙasar nan bayan harin, na kuma sha kallo a bas saboda mayafina. Sai na ga ina ni ina shiga ɗakin da mutane ke zuwa kukan 'yan uwansu? Na kira Anti Memuna na ce ko za ta tura wata.

Ta ce, "Ƙanwata, zan iya tura wata. Amma in ya buɗe baki a can, wa zai ji abin da yake faɗa?"

Na ce to, zan kai shi. Sai ta ƙara da cewa:

"Ki auna hawan jininsa kafin ku fita. Ki ɗauki maganin rana da kayan canji. In kin ga numfashinsa ya canza, ki fito da shi, ko bai so ba."

Haka aka yi. Muka isa bayan azahar. Wurin bai fi ɗaki biyu ba, da ƙaton ƙyauren nan na tashar kwana-kwana a gaba. Akwai hular kwano da zafi ya narkar da gefenta, da gutsuren dutsen bangon ginin, da wayar tebur da ta ƙone, da wasiƙun 'yan makaranta an jera a bango. Mutum uku ne kacal a ciki. Wani mutum ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya koma kan abin da yake karantawa. Iyakar abin da ya faru ke nan, abin da na kwana uku ina jin tsoro.

Mai kula da wurin wata tsohuwa ce, Misis Carol, wadda a da ita ke amsa wayar gaggawa a tashar. Ta durƙusa ta gaida Mista Harold, ya amsa, ba ta gane ko kalma ɗaya ba. Ta ɗago ta dube ni. Na ce ya ce ya san mutumin da ke cikin hoton can.

Ai sai ta miƙe tsaye. "Tun da muka rataye hoton nan muke tambaya!" Ta ja mu gaban hoton, ta ɗauko 'yar na'urar ɗaukar murya, ta nemi izininsa. Ya gyaɗa kai. Muka shirya cewa zai faɗi jimla ɗaya, ni kuma in maimaita ta a fili.

Ya ce sunan mutumin Raymond, shekara goma sha biyar suna aiki tare. Misis Carol ta tambaya yaya ya gane shi alhali ba a ga fuska ba. Ya ce ta dubi makullan da ke rataye a ƙugunsa na hagu, bahago ne. Ta kuma dubi jan tsumman da ke leƙowa daga aljihun baya, matarsa ce ke yanka masa su daga tsohon labule, duk ma'aikata suna tsokanarsa a kai. Da ya zo nan ya yi dariya, irin dariyarsa ta ɓari ɗaya, mu ma muka yi.

Daga nan ya shiga ranar kanta. Suna wani lungu suna canza fitila, sai ƙara, sai duhu, sai hayaƙi. Suka lalubo bango har suka ga hasken ƙofa. Sai suka ji muryar mace a baya tana kira. Raymond ya ce su koma.

Mista Harold ya ce, "Na ji tsoro. Na gudu na bar shi."

Na ji shi sarai. Amma na dubi na'urar nan, na tuna jikokinsa za su iya saurara wata rana, sai tausayi ya kama ni. Na ce wa Misis Carol, "Ya ce shi ya riga fita."

Sai ya daki hannun keken da hannunsa mai lafiya, har mutanen da ke ɗaya ɗakin suka leƙo. Ya juyo ya dube ni, idonsa ya yi ja. Tun da na fara aiki da shi bai taɓa yi mini irin wannan kallo ba.

"A'a, Rabi. Faɗi abin da na ce."

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Ki yi haƙuri, ba haka ya ce ba. Cewa ya yi ya ji tsoro, ya gudu ya bar shi."

Ya gyaɗa kai, ya sauke numfashi. Na kama wuyan hannunsa ina ƙirga bugun jini, na ga lafiya lau, sai na bar shi ya ci gaba. Ya ce Raymond ya fito da matar da ranta. Suka koma aiki tare har suka yi ritaya, ko sau ɗaya Raymond bai tayar masa da maganar ba, bai kuma gaya wa kowa cewa shi ya ceci matar ba. Ya rasu shekara uku da suka wuce, ciwon zuciya. "Ban taɓa ce masa komai ba," in ji Mista Harold. "To ku rubuta sunansa."

Misis Carol ta kashe na'urar, ta goge idonta da bayan hannu. Ta ce masa mutane da yawa sun zauna a nan sun ba ta labari, amma ba kowa ke faɗin inda ƙafarsa ta gaza ba. Ta yi bayanin cewa ba sa canza rubutu sai sun tabbatar, don haka za ta nemi matar Raymond.

Muna cikin haka sai ya dubi agogon bango, ya taɓa ni. "La'asar," ya ce. Wannan kalma a bakina ya koye ta, kuma ta fi fita sosai fiye da Turancinsa. Misis Carol ta tambayi me ya ce, na gaya mata lokacin sallata ne. Ta buɗe mini ofishinta, ta ture kwalaye gefe, ta ce za ta zauna da shi. Da na idar na fito, na same su suna kallon hoton.

Bayan kamar wata biyu Misis Carol ta kira gidan. Matar Raymond ta zo, tana ganin tsumman ta ce labulen falonta ne. An cire tsohon rubutun, an sa sunan Raymond. Denise da kanta ta kai mahaifinta ya gani, ba ta ma neme ni ba, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. A aikinmu za ku zama hannun mutum, ku zama ƙafarsa, wani lokaci har bakinsa. Sai ka fara ganin kamar kai ka fi shi sanin abin da ya dace a ji. Ni tausayi ne ya sa na gyara masa magana, amma da gyaran ya tsaya, da na ƙwace masa abin da ya shekara goma yana ɗauke da shi, ya zo saukewa. Jiki ne ya raunana, mutumin yana nan. Ku ba shi cokali in ya kasa riƙewa, amma maganarsa ku bar masa kayarsa.

Da muka koma gida ranar, na buɗe takardar rahoton da muke cikewa kullum kafin mu tashi. A wajen abinci na rubuta ya cinye. A wajen hawan jini na rubuta daidai. A layin ƙarshe, inda ake tambayar halin da mara lafiya ya yini, na daɗe riƙe da biro. Sai na tambaye shi me zan rubuta.

Ya ce, "Rubuta: ya yi magana."

Haka na rubuta, ban ƙara ko harafi ba.