Shaidar Inna Husaina

A wata tunga da ke tsakanin Adabka da Bukkuyum, duk yaron da aka haifa tun daga shekarar 1997 a hannun Inna Husaina ya faɗo. Ungozoma ce, gajeriya, mai ƙaramar murya, ta gaji aikin wurin gwaggonta. Ita ke yanke cibi, ita ke dafa ruwan jego, in kuma ƙaramin yaro ya rasu ita ake kira ta yi masa wanka. An san ta da abu ɗaya: ba ta ƙarya. Shi ya sa in mata suka yi rigima, mai unguwa Mainasara kan ce a kira Husaina, abin da ta faɗa shi ke nan.

Wajen 2008 samarin tungar suka fara kwaso dutsen zinari daga daji a buhuna. A cikin gida ake farfasa shi, mata su daka a turmi, a kai inji a niƙe, a wanke a bakin kududdufi. Rufin kwano ya fara bayyana, babura suka yi yawa. Gari ya yi ta murna.

Da damina ta gaba yara suka fara ciwo. Yaro zai yi amai, ya daina cin abinci, sai jijjiga ta kama shi, idanu su kafe. Kwana biyu, uku, a aiko wa Husaina. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce iska. Da abin ya kai yara bakwai, sai aka fara raɗe-raɗin maita, kuma sunan da ya fito shi ne na Adama, wata gwauruwa 'yar Gummi da aure ya kawo, mijin ya rasu ya bar ta ba ɗa. Ƙuli-ƙuli take soyawa, yara kuwa ba sa rabuwa da ƙofarta.

Mainasara ya tara mutane a zaurensa da hantsi, aka kira Husaina.

"Inna, ke ba ki ƙarya," in ji shi. "Ranar da ɗiyar Sanda tak kwanta, kin ga Adama ta ba ta wani abu?"

"Na gani. Ƙuli-ƙuli tab ba ta."

"To, kun ji."

Ba a tambaye ta komai ba bayan wannan, ita ma ba ta ƙara ba. Ta san Adama na ba kowane yaro, har da waɗanda ke guje-guje lafiya lau a waje. Maganar ta zo mata har baki, ta dubi fuskar Sanda, wanda jiya-jiya ya binne 'yarsa, sai ta haɗiye. Kafin azahar an ɗora wa Adama ƙullin kayanta, an kore ta daga tungar. Da za ta wuce ta dubi Husaina.

Bayan kwana tara yaro na takwas ya rasu. Sai na tara.

Daga nan Husaina ta daina cin abinci sosai. In ta zuba ruwa a ƙwarya za ta wanke gawa, sai ta ga kamar wani na tsaye a bakin ƙofa yana kallonta. Ta fara lura da abin da da ba ta kula da shi ba. Duk gidan da ta shiga wanka, in ta fito akwai wata ƙura mai nauyi a tafin ƙafarta, launinta ba na ƙasar tungar ba. Ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya a ranta: duka tara ana daka dutse. Gidan liman, da ya hana a shigo masa da buhu ko ɗaya, yara shida ne, ba wanda ya kwanta. Fulanin da ke kawo nono daga ruga, ta tambaye su, nasu lafiya. Agwagin da ke wanka a kududdufi kuwa sun ƙare tun bara, kowa ya ce annobar kaji ce.

Ta koma wurin Mainasara.

"Ranka ya daɗe, Adama ta tahi, mutuwa ba ta tahi ba. Dutsen ga ne."

"Dutse? Mi ag gamin dutse da ciwon yara? Wa yag gaya miki?"

"Ba wanda yag gaya min. Tashi mu zaga, in nuna maka gidajen."

Ya tashi, suka zaga. A gida na biyar suka tarar da jaririya tana rarrafe a gindin turmi, tana tsotsar yatsu. Mainasara ya daɗe yana kallonta. Da suka fito ya ce, "Inna, in na hana dutsen ga, mi mutane za su ci?" Bai hana ba. Amma a ranar ya sa aka fitar da turamen gidansa bayan gari.

Husaina ta ci gaba da bi gida-gida. Wasu matan suka ji, suka tura yaransu wurin kakanni. Wasu suka ce tsufa ya fara taɓa ta. Sai a shekarar da ta biyo baya likitoci suka zo, suka ɗebi jinin yara da ƙasar tsakar gida, suka ce gubar dalma ce da ke cikin dutsen. Aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Kafin nan Husaina ta wanke yara ashirin da uku.

Ranar wata kasuwar Gummi ta hau mota ta je neman Adama. Ta same ta a gidan ƙanenta, ta rame, tana tsince wake a faifai. Husaina ta durƙusa ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Ba ki yi min ƙarya ba, Yaya," in ji Adama. "Abin da kika gani kika hwaɗi."

"Rabi na hwaɗi."

Adama ta ajiye faifan. Can ta ce, "Bayan tahiyata, su wa anka rasa?"

Husaina ta fara kiran sunaye. Ikrima na gidan Bature. Hafsa mai wushirya. Tagwayen Zinatu. A na shida Adama ta ɗaga hannu.

"Ya isa. Na yahe miki. Amma ba ni komawa."

Husaina ta dawo tungar da la'asar. Ta yi shekara huɗu tana karɓar haihuwa bayan nan, har idonta ya raunana. Wankan yara kuwa ta bar wa wata. Ɗakin Adama ba wanda ya shiga, damina biyu ta rushe shi, kabewa ta fito a wurin ta yi 'ya'ya manya-manya, ba mai tsinka.